Daga Juma'a Zuwa Lahadi, Ina Kwana Uku da Dare Uku Suka Shiga?

Tambaya: Malam, ni ina koyarwa a makarantar Lahadi, kuma duk shekara idan Ista ta gabato sai manyan ɗalibaina su ƙure ni da tambaya. A Matiyu 12:40 Yesu ya ce zai yi kwana uku da dare uku a cikin ƙasa kamar yadda Yunusa ya yi a cikin kifi, amma mu muna cewa an gicciye shi ran Juma'a ya tashi ran Lahadi, ko yaro kuwa ya ƙirga ba zai sami dare uku ba. Wani ɗan'uwa ya ce mini ran Laraba aka gicciye shi, har ya nuna mini a kalandar Yahudawa ta intanet. Kuma idan a lokacin Idin Ƙetarewa abin ya faru, don me a 2024 muka yi Ista a watan Maris alhali Yahudawa ba su yi nasu idin ba sai ƙarshen Afrilu? Ina so in san abin da zan gaya wa yaran nan da gaskiya.

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka ɗaya ce a baki amma uku ce a ciki, kuma yawancin ruɗanin da ake shiga yana zuwa ne daga cakuɗa su. Akwai batun ranar mako, akwai batun kwanan wata a lissafin Yahudawa, akwai kuma batun yadda ikkilisiya ta tsayar da ranar bikinta daga baya. Hujjojinsu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Batun Juma'a yana da ƙarfi ƙwarai, har ina ganin babu wani dalilin kirki na barinsa. Batun kwanan wata kuwa a nan gizo ke saƙar, domin akwai saɓani na gaske tsakanin Bisharar Yahaya da sauran ukun, kuma ɗalibanka sun cancanci a gaya musu haka ba tare da rufa-rufa ba.

Sai mu fara da yadda Bayahuden ƙarni na farko yake ƙirga lokaci. A wurinsa rana tana farawa ne da faɗuwar rana, kamar yadda Littafin Firistoci 23:32 ya ce a kiyaye Ranar Kafara daga maraice zuwa maraice, wata kuma yana kamawa ne da ganin jinjirinsa. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tsari, tun da idan aka ce masa daren Juma'a ya san daren da ya biyo bayan yinin Alhamis ake nufi, ya kuma san yadda ake jiran sanarwar ganin wata. Mishna, kundin hukunce-hukuncen malaman Yahudawa da aka tattara wajen shekara ta 200, ta kwatanta yadda shaidu suke zuwa Urushalima a yi musu tambayoyi a kan inda suka ga watan da inda ƙahonsa ya fuskanta, sa'an nan a hura wuta a kan Dutsen Zaitun, na dutsen gaba su hango su hura tasu, har labari ya kai wa Yahudawan Babila. Shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da kusan kwana 11, Idin Ƙetarewa kuwa dole ne ya faɗo a lokacin da sha'ir ya nuna, domin ana miƙa damin farko a Haikali a cikin makon idin. Saboda haka duk bayan shekara biyu ko uku sai a ƙara wata na 13, wato Adar na biyu. A zamanin Yesu hukumar addini ce take yanke wannan shawara shekara-shekara, tana duba nunar sha'ir da 'ya'yan itatuwa da kuma ranar da tsawon dare da na yini suke daidaita a watan Maris.

Wannan ya isa ya nuna maka raunin abin da ɗan'uwan nan ya nuna maka a intanet. Kalandar da Yahudawa suke bi a yau ta lissafi ce tsantsa, mai zagayen shekara 19 da ake ƙara wata a bakwai daga cikinsu. Al'adarsu tana danganta ta ga Hillel na Biyu wajen shekara ta 359, kuma ba ta kammala ɗaukar siffarta ta yanzu ba sai bayan wasu ƙarnuka. Manhajar da ke juya kwanan wata tana ɗora waɗannan ƙa'idoji ne a kan shekarun da ba a san su ba tukuna. Ɗaya daga cikin ƙa'idojin ma ta hana 15 ga watan Nisan, wato ranar farko ta idin, faɗowa a ranar Litinin ko Laraba ko Juma'a, don haka wanda ya tambayi manhajar ko idin ya taɓa kamawa ran Juma'a a shekarun mulkin gwamna Bilatus, amsar da zai samu an riga an yanke ta tun kafin ya tambaya.

Tsarin idin kansa yana cikin Fitowa 12 da Littafin Firistoci 23. Ana yanka ɗan ragon a ranar 14 ga watan farko, wanda ake kira Abib a dā, daga baya aka koma kiransa Nisan. Ana cinsa a daren, wanda a lissafinsu ya riga ya zama 15 ga wata, ranar farko ta Idin Abinci Marar Yisti mai kwana bakwai, kuma wannan ranar ta hutu ce ko da wace ranar mako ta faɗa. Yosifus, marubucin tarihin Yahudawa wanda shi kansa daga gidan firistoci ya fito, ya ce ana yankan daga sa'a ta tara zuwa ta goma sha ɗaya, kamar daga ƙarfe uku zuwa biyar na yamma ke nan. Mishna ta ƙara da cewa jama'a suna shiga farfajiyar Haikali rukuni uku, a rufe ƙofofi a bayan kowane rukuni, firistoci su yi sahu riƙe da tasoshin azurfa da na zinariya, tasar jini tana tafiya daga hannu zuwa hannu har ta kai bagade, Lawiyawa kuma suna rera zabura.

Game da ranar mako, bisharun huɗu bakinsu ɗaya. Dukansu sun kira ranar da aka gicciye shi ranar shiri, Markus 15:42 kuma bai bar mu da zato ba, ya fassara da kansa cewa ranar da ke gaban Asabar yake nufi. Wannan shi ne sunan da Yahudawa masu jin Girkanci suke kiran Juma'a da shi. Yosifus ya kawo wata doka ta Kaisar Augustas da ta hana a tilasta wa Bayahude zuwa kotu ran Asabar, ko kuwa ranar shiri bayan sa'a ta tara, wanda ya nuna cewa har hukumar Roma ta san sunan. Luka kuma ya jera kwanakin daki-daki daga 23:54 zuwa 24:1: an binne shi ranar shiri Asabar tana gab da kamawa, matan suka huta ran Asabar bisa ga umarni, suka yi sammako zuwa kabari ran farko ta mako. Babu gurbin wata rana a tsakani. Wajen shekara ta 150 Jastin Mai Shahada ya rubuta wa sarkin Roma cewa an gicciye Yesu a ranar da ke gaban Asabar ya kuma bayyana a ranar da ke bayanta, kuma azumin Juma'a yana cikin tsofaffin al'adun Kirista tun kafin a yi wani taron majalisa. Masu cewa Kwanstantin, sarkin Roma na ƙarni na huɗu, shi ne ya ƙirƙiro Juma'a Mai Kyau sun makara da kusan shekara 200.

To ina dare uku? Gaskiyar magana ita ce babu su idan da agogo za a auna. Daga binnewa kafin magaribar Juma'a zuwa asubahin Lahadi kamar sa'a 36 ne, dare biyu ne cikakku, kuma duk dabarar da ake yi ta mayar da duhun nan na sa'a uku da aka yi da tsakar rana sa'ad da yake kan gicciye ya zama dare na uku, ƙoƙarin cike gurbi ne kawai, ban ba ka shawarar ka koya wa yara ita ba. Abin da ya kamata a tambaya shi ne yadda mutanen Littafi Mai Tsarki suke amfani da irin wannan magana. Su suna ƙirga ranar da abu ya fara a matsayin ta ɗaya ko da saura sa'a guda ta ƙare, ranar da ya ƙare kuma a ƙirga ta cikakkiya. A Esta 4:16 sarauniya ta ce a yi mata azumi kwana uku, dare da rana, sa'an nan ta shiga wurin sarki, amma 5:1 ya ce a rana ta uku ta shiga, tun kwana ukun ba su cika ba. A 1 Sarakuna 12 Rehobowam ya ce wa jama'a su tafi su dawo bayan kwana uku, suka dawo a rana ta uku, marubucin kuma ya ce haka sarki ya umarta. A Matiyu 27:63-64 manyan firistoci sun tuna wa Bilatus cewa Yesu ya ce zai tashi bayan kwana uku, amma tsaron da suka roƙa har zuwa rana ta uku ne kawai, abin da ba zai yi ma'ana ba in da bayan kwana uku yana nufin rana ta huɗu a kunnensu. Talmud na Urushalima, kundin sharhin malaman Yahudawa a kan Mishna, ya adana ƙa'idar a bakin Rabbi Eleyazar ben Azariya, malamin ƙarshen ƙarni na farko, cewa yini da dare ma'auni ɗaya ne, kuma sashensa ana lissafa shi kamar dukansa.

Misalin da ya fi gamsar da ni yana cikin Ayyukan Manzanni 10, domin a can muna iya ƙirga sa'o'in da kanmu. Karniliyas ya ga wahayi a Kaisariya da sa'a ta tara ya aiki mutane su kirawo Bitrus daga Yafa. Kashegari suka kusato Yafa da tsakar rana, kashegari Bitrus ya tashi tare da su, kashegari kuma suka shiga Kaisariya, kusan a daidai lokacin da aka ga wahayin. Sa'a 72 ke nan, amma Karniliyas ya ce wa Bitrus kwana huɗu ke nan da abin ya faru. Ashe sa'a 72 ɗin da masu ra'ayin Laraba suke nema, a bakin Luka kwana huɗu ake kiranta, ba uku ba.

Ga kuma batun yawa. Maganar dare uku a aya ɗaya take a dukan Sabon Alkawari, alhali cewa ya tashi a rana ta uku ta zo sau da dama, har a cikin tsohuwar shaidar bangaskiya da Bulus ya ce shi ma karɓa ya yi, a 1 Korantiyawa 15:4. Matiyun da ya rubuta ayar Yunusa shi ne ya rubuta rana ta uku a 16:21 da 17:23 da 20:19, kuma bai ga ya saɓa wa kansa ba. Maganar an ɗauko ta ne kai tsaye daga littafin Yunusa yadda take a can, don a nuna kamanci tsakanin al'amuran biyu.

Duk da haka ra'ayin Laraba bai fito daga iska ba, kuma ya dace ka san abin da masu shi suka riƙe. Suna cewa Asabar biyu aka yi a makon: Asabar ta idi ran Alhamis, wadda Yahaya 19:31 ya kira babbar rana, da Asabar ta mako. Suna kafa hujja da kayan ƙanshi, domin Luka 23:56 ya ce matan sun shirya su kafin hutu, Markus 16:1 kuwa ya ce sun saye su bayan Asabar ta wuce, don haka dole akwai ranar aiki a tsakani. Yawancinsu suna tsayar da 25 ga Afrilu na shekara ta 31. Amma bayanin kayan ƙanshin bai kai wannan wuya ba: sun harhaɗa abin da ke hannunsu a gurguje da yammacin Juma'a, da rana ta faɗi ran Asabar aka buɗe kantuna suka sayo ƙari. Idan kuwa da gaske suna da yinin Juma'a sukutum babu hani, me ya zaunar da su har Lahadi, alhali Marta ta faɗa a Yahaya 11:39 cewa gawar kwana huɗu ta riga ta yi wari? Sai kuma maganar almajiran nan biyu a hanyar Imuwasu, waɗanda suka ce da yammacin Lahadi yau kwana na uku ke nan da aka yi waɗannan abubuwa. Daga Laraba, Lahadi kwana na biyar ne a lissafinsu, na huɗu a namu. Babbar ranar da Yahaya ya ambata kuwa tana da bayani mai sauƙi, wato Asabar ta mako ce ta haɗu da ranar idi. Ra'ayin Alhamis ya fi na Laraba dama-dama domin yana ba da dare uku, amma shi ma sai ya cusa ranar hutu ta biyu a inda babu mai bishara ko ɗaya da ya ambace ta.

Yanzu sai mu zo inda wuyar take. Juma'ar nan, 14 ga Nisan ce ko 15? Markus 14:12 ya ce a ranar da ake yanka ɗan ragon ne almajirai suka shirya jibin, Matiyu da Luka kuma sun bi shi, a Luka 22:15 ma Yesu ya kira abincin na Idin Ƙetarewa. In haka ne, an yanka ragunan ran Alhamis, an ci da dare, an gicciye shi ran 15, ranar idi kanta. Yahaya kuwa ya buɗe labarin jibin a 13:1 da cewa kafin idin ne. Da Yahuza ya fita, wasu almajirai suka zaci an aike shi ne ya sayo abin da ake bukata don idi. Da safe masu ƙara suka ƙi shiga fadar gwamna don kada su ƙazantu su rasa cin Idin Ƙetarewa (18:28), wato ba su ci ba tukuna, a 19:14 kuma ya kira ranar da ranar shirin idin. A lissafin Yahaya ke nan Yesu ya mutu ran 14, da misalin ƙarfe uku na rana, a lokacin da ake yankan a Haikali.

Malamai sun bi hanyoyi dabam-dabam don sasanta su. Wasu sun ce cin idin da Yahaya ya ambata yana nufin sauran hadayun makon, ranar shirin idin kuma tana nufin Juma'ar makon idi, don haka Yahaya bai saɓa wa kowa ba. Wannan mai yiwuwa ne a nahawu, amma mai karatun farko da ya ji an ce suna so su ci Idin Ƙetarewa, ɗan ragon zai fara zuwa masa a rai. Wasu sun ce Galilawa daga fitowar rana suke ƙirga kwana, sai aka yi yanka kwana biyu a jere, sai dai wannan ba shi da wata shaida mai ƙwari daga zamanin. A 1957 wata malama Bafaransa, Annie Jaubert, ta kawo shawarar da ta fi kowacce jan hankali bayan gano littattafan Kumran a gefen Tekun Gishiri. Jama'ar Kumran suna bin kalandar rana mai kwana 364, mako 52 cif, wadda a cikinta jibin idin kullum daren da ya biyo yinin Talata yake faɗowa. Ta ce da wannan kalanda Yesu ya ci jibinsa, aka kama shi a daren, aka yi ta shari'a Laraba da Alhamis, aka gicciye shi Juma'a. Shawarar tana ba shari'o'in nan masu yawa sararin da suke bukata, amma babu abin da ya nuna Yesu yana bin kalandar Kumran, shi da yake zuwa Haikali a ranakun idin da kowa yake zuwa.

Ni dai na fi karkata ga lissafin Yahaya, kuma wani ɓangare na dalilina daga Markus kansa yake. A 14:2 shugabanni sun ce kada a yi abin a lokacin idi don gudun tarzoma. A 15:21 Saminu Bakurane yana shigowa gari daga ƙauye, a 15:46 Yusufu na Arimatiya ya sami inda ya sayi likkafani, ga zaman majalisa da shari'ar kisa, duka waɗannan sun fi dacewa da jajibirin idi a kan ranar idi. Bulus, wanda wasiƙunsa suka riga bisharu, ya kira Almasihu ɗan ragonmu na Idin Ƙetarewa da aka yanka (1 Korantiyawa 5:7), ya kuma kira shi nunan fari a babi na 15, wanda ya yi daidai da tashi ran 16 ga Nisan, ranar miƙa damin sha'ir. Talmud na Babila ma, wanda ba shi da wata bukatar goyon bayan Yahaya, ya ce a jajibirin idin aka rataye shi. Abin da nake gani shi ne, Yesu ya san ba zai kai daren idi ba, sai ya tara almajiransa kwana ɗaya kafin lokaci ya yi musu jibi mai siffar na idin da ma'anarsa, kuma abin lura ne cewa babu labarin jibin ko ɗaya da ya ambaci naman ɗan rago a kan tebur. Wannan bai kawar da wuyar Markus 14:12 gaba ɗaya ba, kuma akwai malamai masu nauyi da suka tsaya a kan 15 ga wata. Ka gaya wa ɗalibanka cewa a wannan gaɓa har yanzu ana muhawara.

Masana ilimin taurari sun ɗan taƙaita fagen. Bilatus ya yi mulkin Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36, Luka 3:1 kuma ya sa fara wa'azin Yahaya Mai Baftisma a shekara ta 15 ta sarautar Tibariyas, wajen 28 ko 29. Idan aka lissafa lokacin da za a iya ganin jinjirin wata a Urushalima a waɗannan shekaru, 14 ga Nisan yana faɗowa Juma'a a ranaku biyu da suka dace: 7 ga Afrilu na shekara ta 30, da 3 ga Afrilu na shekara ta 33, duka a kalandar Juliyas, wato tsohuwar kalandar Romawa. Colin Humphreys da Graeme Waddington sun goyi bayan ta biyun a mujallar Nature a 1983, suna ƙarawa da cewa an yi husufin wata a yammacin ranar, ko da yake wasu masana sun yi jayayya a kan ko an iya ganinsa sosai daga Urushalima. Lissafin bai isa ya yanke hukunci shi kaɗai ba, domin gajimare na dare ɗaya yana iya jinkirta kamawar wata, hukuma kuma tana iya ƙara wata a shekarar da ba mu zata ba.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Tun ƙarni na biyu Kiristoci suka ga ba za su iya riƙe kwanan wata da ranar mako gaba ɗaya ba, domin 14 ga Nisan yana yawo a cikin mako. Ikkilisiyoyin Asiya Ƙarama, a yammacin Turkiyya ta yau, suka riƙe 14 ga wata ko da wace rana ta faɗa, suna cewa daga manzo Yahaya suka gada. Roma da yawancin sauran wurare suka riƙe Lahadi. Wajen shekara ta 155 Polikaf na Samirna ya ziyarci Anisetus bishop na Roma, kowa ya kasa jawo ɗan'uwansa, suka rabu lafiya. Wajen 190 bishop Fikta na Roma ya nemi yanke zumunci da ikkilisiyoyin Asiya, Polikiratis bishop na Afisa ya mayar masa da amsa mai zafi, sai da Ireniyus bishop na Liyon ya shiga tsakani. Kafin taron Nikiya na 325, babban taron bishop-bishop da Kwanstantin ya kira, taƙaddamar ta sake salo: wasu ikkilisiyoyin Siriya suna yin bikin ran Lahadi, amma sai sun jira Yahudawan garinsu sun sanar da watan idi, wanda wani lokaci yakan faɗo kafin daidaituwar dare da yini. Taron ya yanke cewa kowa ya yi a rana ɗaya, a kuma daina dogara ga lissafin Yahudawa. Wasiƙar da Kwanstantin ya aika bayan taron cike take da kalaman ƙiyayya ga Yahudawa, kuma wannan ma yana cikin tarihin da bai kamata a ɓoye ba. Taron bai bar wata rubutacciyar dabarar lissafi a cikin dokokinsa 20 ba. Tsarin Iskandariya ne ya yi rinjaye sannu a hankali: Lahadin farko bayan cikar wata da ta faɗo a 21 ga Maris ko bayansa, cikar watan kuma ta jadawali ce, ba ta kallon sama ba. Shi ya sa Ista take yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu.

Ka ga ke nan ikkilisiya Nisan nata take lissafawa, kuma a yawancin shekaru yana haɗuwa da na Yahudawa, kamar a 2025 da idinsu ya kama da yammacin 12 ga Afrilu aka yi Ista ran 20. Inda ake rabuwa shi ne wajen ƙarin wata. Matsakaiciyar shekarar kalandar Yahudawa ta ɗan fi shekarar rana tsawo, tana zamewa da kwana ɗaya a kowace shekara 230 ko makamancin haka, har ya zamana a yau a shekara ta 8 da ta 11 da ta 19 ta zagayensu, watan da suke ƙarawa yana tura idin zuwa cikar wata ta biyu bayan 21 ga Maris. Shekarar 2024 ta zo daidai da shekararsu ta 5784, ta takwas a zagaye, shi ya sa aka yi Ista ran 31 ga Maris, idinsu kuwa bai kama ba sai yammacin 22 ga Afrilu.

Ikkilisiyoyin Otodoks na Girka da Rasha, da Kibɗawan Masar da Sudan, da na Habasha, su kuma a wannan shekarar sai 5 ga Mayu suka yi, domin ba su karɓi gyaran da Fafaroma Giregori na 13 ya yi a 1582 ba, lokacin da aka tsallake kwana 10 aka tashi daga 4 ga Oktoba aka wayi gari 15. Har yanzu da kalandar Juliyas suke lissafin Ista, 21 ga Maris ɗinsu kuma ya zama 3 ga Afrilu a namu, jadawalin watansu ma yana makara da kwana huɗu zuwa biyar. A 1997 wani taro da Majalisar Ikkilisiyoyin Duniya ta shirya a Halab ta Siriya ya ba da shawarar kowa ya koma ga lissafin taurari na ainihi bisa ga agogon Urushalima, amma har yau ba a aiwatar ba. Ka shirya wa tambayar ɗalibanka a 2027, domin a shekarar Ista za ta kama ran 28 ga Maris, Idin Ƙetarewa da yammacin 21 ga Afrilu, na Otodoks kuma ran 2 ga Mayu.